Da sandar awon yadi na raba ɗana da lissafi

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne mai sayar da yadi a kasuwar Lafia, bokona bai wuce firamare ba, ɗan ƙanena ne ke buga mini wannan a waya. Da ana mayar da jiya, da ban ɗaga sandar awo a kan yatsun ɗana ba.

Shekarar da aka ba mu jiha, babban ɗana, bari in kira shi Sani, yana ajin ƙarshe na firamare a unguwar Bukan Sidi. Ya daɗe yana shan bulala a kan lissafi, har aka kawo musu wani malami ɗan ƙabilar Eggon mai koyarwa da ganga. Idan sau uku ne, yara su tafa biyu a hankali na uku da ƙarfi, duk inda ƙarfin ya faɗa nan amsa take. Rabi da kwata kuwa, bugu ɗaya yake tsaga musu biyu, ya sake tsagawa huɗu. Sai Sani ya fara kawo sakamako mai kyau, amma ya zama ba ya lissafi sai yana ƙwanƙwasa benci ko ƙofa.

Wata rana a shago yana lissafi yana ƙwanƙwasa tebur, sai maƙwabcina ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ashe maroƙi kake raino? Ka ba mu shi ranar suna." Maganar ta ci ni, don mu fatake ne kaka da kakanni, ba mu gaji kiɗa ba. Na kama hannun yaron na ɗora a kan tebur na sauke masa sandar awo, ina cewa gidanmu ba gidan maroƙa ba ne. Ƙaramin yatsansa ya karye, ya warke a karkace. Malamin ya biyo ni har gida, da Hausarsa ta kasuwa yake cewa, "Baba, yaron nan ba wasa tana yi ba, da hannu tana tunani." Na kore shi, ko ruwa ban ba shi ba, kuma ban taɓa gaya wa Sani ya zo ba.

Daga nan kan yaron ya toshe. Ya lallaɓa sakandare, lissafi ya kayar da shi a jarrabawar fita, ya sake ya kuma faɗi, ya haƙura. Yanzu acaɓa yake yi. Yana gaishe ni kullum, bai taɓa ɗaga mini murya ba, amma ko rediyo ba ya kunnawa a ɗakinsa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne 'yarsa Ummi, mai sunan mahaifiyata, da ta shiga aji ɗaya bana. Ba wanda ya koya mata, sai na gan ta tana ƙirga da cokali a bayan kwano, tana ɗan rera lambobin, kuma daidai take faɗa. Satin da ya wuce ubanta ya shigo ya same ta, ya make hannun har cokalin ya yi tsalle, ya ce, "Gidanmu ba gidan maroƙa ba ne." Da muryata ya faɗa. Ina zaune a kan tabarma ina kallo. Tun ranar idan za ta yi aikin makaranta zama take yi a kan hannunta na hagu, jiya kuma an tambaye ta biyu da uku ta yi shiru tana kallon ƙasa.

Idan na hana shi, dole in ce masa ni na yi kuskure, in kuma faɗa masa zuwan malaminsa, ina tsoron ya gane ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, uba ne ya tare masa hanya, gaisuwar ma ta yanke. Idan na yi shiru, ina kallo za a kashe wa yarinyar nan abin da na kashe masa. In tunkare shi kai tsaye, ko in bi ta wajen mahaifiyarsa? Ta ina uba ke fara neman gafarar ɗansa?

Roƙona ɗaya, maganar nan ta tsaya a nan. Lafia ƙaramin gari ne, duk wanda ya taɓa hawa bayan ɗan acaɓa mai karkataccen yatsa zai gane shi, kuma ba na so ya ji a bakin fasinja kafin ya ji a bakina.