Jitar Bahago

Litinin, 4 ga Maris 1985

Zara'u ta fita takaba. Yau ta aiko a ce min za ta sayar da jitar mijinta Danda, jar nan mai kaurin murya da ake kira bas, mai aiki da lantarki, wadda ya sayo hannun wani ɗan Kwatano tun kafin sojoji su hau mulki. A lokacin ma tsohuwa ce. Wai ni aka fara faɗa wa don ni ne abokinsa, tare muke kiɗa. Na ce na ji. Na koma kan keken ɗinki, na jona wa wani hannun riga a baibai.

Alhamis, 7 ga Maris

Na je na gan ta. Tana rataye inda ya bar ta. Fenti ya goge daidai inda damtsensa ke gogawa, itacen wurin har sheƙi yake. Danda bahago ne, ya juya tsirkiyoyin, in ni na riƙe ta sai mai kaurin ta koma ƙasa, komai a kife. Da can nakan tsokane shi in ce ko jitarsa ba ta da ladabi.

Na tafi da ɗan gero a ƙwarya. Zara'u ta turo min shi da bayan hannu. "Malam Sha'ibu, marigayi bai bar mu da bara ba. In ciniki ne, bismilla." Taurin kai irin na mijinta sak. Yaran kuwa duk sun zama ido.

Lahadi, 10 ga Maris

Kasuwa. Dabbobi sun zama banza, gero ya zama zinariya. Na haɗu da Gajere dillali, ashe har ya taya jitar. Ya ce itacen ba ruwansa da shi, wayoyi da ƙarafan ciki yake so, masu gyaran rediyo a Maraɗi za su saya. Yana faɗa yana sakace haƙori. Wallahi saura kaɗan in mare shi.

Laraba, 13 ga Maris

Me nake da shi? Ɗinki ya tsaya, wa zai yi sabuwar riga da yunwa a ciki? Ragon nan kaɗai, wanda muke lallaɓawa da ɓawon gyaɗa don sunan abin da matata Safi za ta haifa. Cikinta ya tsufa. Haihuwar fari kuma.

Na ɗan yi mata zancen a kaikaice. Ta ajiye muciya ta dube ni. "To, Malam, ranar suna jitar za a yanka?" Gaskiyarta ce, shi ya sa ta yi min zafi.

Asabar, 16 ga Maris

Me ma zan yi da ita? Gidana ba wuta. Ampilinmu na ƙara sauti yana kulle tun da hukuma ta ce a dakata da wasa saboda halin da ƙasa ke ciki. Tawa jitar ma bara na sayar, ko a jikina.

Litinin, 18 ga Maris

Ban taɓa rubuta wannan ba. Ba yana kaɗa jita Danda ya mutu ba. A wani ƙauye bayan Mayahi ne, wurin haƙar rijiya da ake biyan mutane da dawa. Gefe ya rufta. Waɗanda suka zaƙulo shi sun ce hannun hagunsa suka fara gani. Har yau ban yi kuka ba, mutane suna ta yaba min haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Abin ne ya tsaya min a ƙirji ya ƙi wucewa.

Alhamis, 21 ga Maris

Safi ta je gaishe da Zara'u. Ta dawo ta zauna bakin ƙofa ta ce, "Dusa suke dafawa." Sai kuma, "Ba za ta karɓi kyauta ba, ko?" Na ce a'a. Ta tashi ta ba ragon ruwa, ta tsaya tana shafa masa wuya.

Lahadi, 24 ga Maris

Na farka na tarar Safi ta kwance igiyar ragon daga turke ta ɗaura a ƙafar keken ɗinkina. Na kai shi kasuwa. Abin da aka ba ni ban ma tsaya jayayya ba, na auno gero na kai a bakin kuɗin jitar. Zara'u ta sauko da jitar, ta goge ta da bakin zanenta, ta miƙo min ba ta dube ni ba. "Allah ya sa alheri," ta ce, kamar yadda ake faɗa wa kowane mai saye.

Don yaran na yi. In na samu sarari zan juya tsirkiyoyin, in an buɗe wasa in sayar wa wani.

Talata, 9 ga Afrilu

An yi suna, ba rago. Liman ya ce suna ba ya faɗuwa, a yanka duk ranar da Allah ya hore. Amma na ga yadda maƙwabta ke duban turken. Inna ta zo daga Maijirgi, da ta ji labarin sai ta ce, "Ɗana ya sayi itace." Ko sallama ba ta yi min ba da za ta koma. Safi ta sha kunyar nan gaban dangina. Wannan ya fi min ciwo.

Juma'a, 19 ga Afrilu

Ba ciniki. Na tuna dabarar Danda in babu ampili: a dafa kan jitar a jikin katako. Na dafa shi a teburin keken ɗinki, na ja mai kaurin. Teburin ya ɗauka, almakashi na rawa a kai, na ji abin har cikin haƙarƙarina. Muryar nan ce dai, wadda na saba ji a bayana.

Safi ta leƙo da jariri a kafaɗa, ta ce me ya sami idona. Na ce zare ne ya faɗa. Ta ce, "Ai a hagu ka riƙe ta, Malam."

Ban lura ba. Yatsun ba sa jin magana tukuna. Tsirkiyoyin a bar su haka, ba sauri ake ba.