Kuɓewar Inna a Cikin Diraya

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Diraya, injin busar mana da kaya, ta mutu. Na danna, na sake dannawa, ko tari ba ta yi ba. Ga kayan makarantar 'yata Rufaida jiƙe sharkaf, ga sanyin Bronx da ba ya jin bari.

Kuma yau ɗin ne suka tara mu a ofis. Kamfaninmu, mai kai wa marasa lafiya tukunyar oksijin har gida, zai mayar da sashen amsa waya can Accra. Ƙarshen wata za mu ajiye aiki, kafin nan kowa zai koya wa wanda zai gaje shi. Shugabar sashe tana faɗa tana murmushi, har da kawo mana cincin ɗinsu na Turawa. Ban ci ba.

Laraba, 15 ga Janairu

An haɗa ni da magajiyata ta bidiyo. Yaa sunanta. Yarinya ce, idonta tar, kanta na ja kamar me. Haushi ya ƙara kama ni, don na so a ce daƙiƙiya ce.

Na yanke shawara, kuma a nan kaɗai zan faɗa: abin da ke kan kwamfuta zan koya mata, abin da ke cikin kaina kuwa da shi zan tafi gida. Misali tsohuwar nan ta unguwar St. George da muke kai wa oksijin. Ko iskarta ta kusa ƙarewa, in ka tambaye ta cewa za ta yi lafiya lau, don ba ta son ta ɗora wa kowa wahala. Sai ka ja ta da hirar kyanwarta, ka kasa kunne ka ji inda numfashi ke yanke mata magana, sannan ka san a tura mota yau ko gobe. Wannan ba ya cikin kwamfutar kowa. Su gwada wata guda ba mu, su da kansu za su dawo suna roƙo.

Asabar, 18 ga Janairu

Ni da Baban Rufaida mun kwashi musu tun daga karin kumallo. Mutumin da ya yini yana tuƙa tasi yana sauraren rediyo, komai yana da ra'ayi a kai. Wai kamfani ba gidan marayu ba ne, inda ya ga sauƙi can zai nufa. Na ce to mu da muka riƙe musu marasa lafiya shekara da shekaru, tsumma ne? Ya ce, “Da Kano suka kai aikin, ƙanenki ya samu, da yanzu guɗa kike yi.” Na ce ai ba Kano suka kai ba. Ya ce ai ba amsa ba ce wannan. Na san ba amsa ba ce, shi ya sa na tashi na hau wanke-wanke da ƙarfi.

Inna, mahaifiyata da ta zo mana ziyara tun kaka, tana gefe tana jan carbi. Ba ta sa baki in surukinta na magana. Amma na lura duk sanda aka ambaci diraya sai ta sunkuyar da kai.

Mai gyara ya ce sai sati na sama, kuma abin da ya nema ya fi ƙarfin mai shirin zaman gida. Zan buɗe ta da kaina.

Lahadi, 19 ga Janairu

Ikon Allah!

Na samo bidiyo a waya, wani tsohon Bature a garejinsa, fuskarsa ma ba a gani sosai, sai hannuwa masu kaushi da murya a hankali. Ya ce a fara zare wuta. Na zare. Na kwance notunan baya da sukundireban motar Baban Rufaida, na ɗage murfin, na tsaya kawai ina kallo.

Ni duk zatona cikinta cike yake da abubuwan da sai mai digiri. Ashe ganga ce, da bel siriri da ya zagaye ta, da ƙaramin inji mai juya ta, da waya mai ɗaukar zafi irin ta hita, da fanka mai tura iska. Shi ke nan. Shekaru ina jin tsoron akwatin nan, ashe iska ce da zafi da juyi, abin da rana da igiyar shanya suke yi mana a tsakar gida kyauta. Wani ya zauna ya yi tunani har ya kamo su ya rufe a cikin ƙarfe.

Sai wari ya biyo baya. Na zura hannu a bututun iska na zaro wani dunƙule, rabi audugar tufafi, rabi abu mai yauƙi da ya ƙone, da 'ya'ya farare ƙanana. Na shinshina. Kuɓewa!

Inna ba ta yi gardama ba. Ta ce, “To garin da ba rana, a ina zan shanya?” Ashe ɗanyar kuɓewar da muke sayowa a shagunan titi na 116 take yankawa, ta ƙulle a rigar filo, ta jefa a diraya in mun fita. Rannan ƙullin ya kwance. Na so in yi faɗa, dariya ta ci ƙarfina, na zauna daɓas a ƙasa. Ashe miyar busasshiyar kuɓewar da muke ta santi tun Nuwamba daga nan take fitowa.

Talata, 21 ga Janairu

Ina cikin koya wa Yaa na yi tsaki na ce “kai jama'a”, sai ta ɗago da sauri. “Mma, kana jin Hausa?” A unguwar Nima ta Accra ta girma, cikin Hausawan Zango. Hausarta duk “kai” da “shi”, har ni. Ta ce uwarta na sayar da koko, wannan ne aikinta na farko mai kujera da fanka.

Na mayar da mu Turanci. Da Turanci ya fi sauƙin ɓoye mata abu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Fiyus ɗin diraya da na yi oda ya iso, madadin wanda ya ƙone, kamar yadda tsohon bidiyon nan ya nuna. Ɗan fari, bai kai ɗan yatsana ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na sake kallon tsohon daga farko kafin in taɓa komai. Akwai inda na tsallake rannan. Ya ɗaga fiyus ɗin ya ce wannan ba shi ne ciwon ba, shi ƙonewa yake yi da gangan in zafi ya yi yawa, don kada gida ya kama. In ka canja shi ka bar bututu a toshe, ka gyara na yau ne kawai. Ya ce da yawa fiyus kaɗai za su nuna maka, shi ba zai yi haka ba. Har tabon hannunsa ya nuna, ya ce ga gefen ƙarfen da ya yanke shi, ku kula da nan.

Na gangara ƙasa wajen sharhi. Mutane daga ko'ina, wasu da rubutun da ban ma iya karantawa ba, kowa na godiya. A sama akwai saƙon 'yarsa: ya rasu shekaru da suka wuce, sun bar bidiyon don haka ya so. Mutum yana kabari, yana hana ni yanke hannu a wani ɗakin ƙasa a unguwarmu ta Soundview. Bai san ni ba, bai san Inna ba, bai san kuɓewa ba. Ina riƙe da wayar na yi salati.

Na share bututun tas, har waje. Na sa fiyus, na mayar da notuna, ɗaya ya yi saura ban san na ina ba ne. Na jona wuta, na yi bisimilla, na danna. Ta tashi! Na rungumi diraya kamar wadda ta dawo daga Makka, ɗumi yana ratsa kumatuna.

Baban Rufaida ya leƙo, ya yaba, sannan ya saki tasa: “To madalla. Mai gyara kuma yau 'ya'yansa su ci me? Kin kai aikinsa ƙasar waje, daga shagonsa zuwa ɗakin ƙasa.” Na ce ba ɗaya ba ne. Ya ce ta ina?

Inna ce ta amsa, tana kallon bango, ni take yi wa magana don shi ya ji. “Gaya wa maigidan naki, lokacin da injin niƙa ya zo unguwarmu, matan da ke daka a biya su sun yi kuka, kuma kukansu gaskiya ne. Mu da muka huta da taɓarya mun yi murna, ita ma gaskiya ce. Amma wadda ta san gari, ko a bakin injin ne sai ta gaya wa mai niƙa in ya yi tsaki-tsaki, don yara ne za su ci tuwon.” Shi kunya ta kama shi, ni kuwa Yaa ce ta faɗo min a rai.

Alhamis, 30 ga Janairu

Yau Yaa ke kira, ni ina saurare. Layi ya zo kan tsohuwar St. George. Yaa ta tambaye ta yadda aka rubuta, tsohuwa ta ce lafiya lau, 'yata, kada ku damu. Tsakanin “lafiya” da “lau” na ji ta tsaya ta jawo iska. Na ga Yaa ta kai hannu za ta danna cewa tsohuwa ba ta buƙatar komai sai mako mai zuwa.

Da na yi shiru, da shi ke nan, abin da na shirya ke nan tun farko.

Na ce da Hausa, “Tsaya. Tambaye ta kyanwarta.” Yaa ta kalle ni, ta tambaya. Tsohuwa ta fara ba da labarin rashin lafiyar kyanwar, kalma uku, numfashi, kalma biyu, numfashi. Na ga fuskar yarinyar ta canja. Ba sai na ƙara komai ba, ita da kanta ta tura mota yau.

Da muka ajiye ta ce, “Mma, akwai irinsu da yawa?” Na ce akwai.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ranar farko a gida. Har yanzu ina ganin abin da kamfani ya yi mana rashin mutunci ne, kuma na faɗa wa Baban Rufaida haka da safe, zan kuma faɗa gobe. Tsoro ma yana nan, ban san inda zan nufa ba.

Inna ta koma shanya kuɓewarta a faranti kan hitar falo. Notin nan da ya yi saura yana cikin aljihuna, diraya kuma tana ta juyi ba ruwanta.

Ina ninke kaya na ɗan yi wa Yaa saƙon murya. Ba wani abu ba, kan mutumin Harlem ne da ba ya ji da kunnen hagu, sai kuma matar da ɗanta ke ɗaukar waya ya ce komai lafiya bai duba ba. Na ce iyakarsu ke nan, sai na tuna wani. Kayan sun huce a hannuna ina ta magana.

Da la'asar ta turo amsa. Ta ce tsohuwar St. George ta tambayi ina mai tsohuwar muryar nan, ta ce a gaishe ni, kyanwa ma ta warke. Na saurara, na sake saurara, sannan na mayar da tawul ɗin Rufaida cikin diraya, ko da yake ya riga ya bushe.