Na Mayar da Hindatu, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ya haskaka makwancinki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan in ba ke ba.

Rumfar tuwon da kika bar mini a bakin bodar Jibiya tana nan. In hanya ta buɗe direbobin Maraɗi su cika benci, in an rufe mu wuni muna korar ƙuda. Gidan ne ya yi mini girma tun rasuwar maigidana Malam. Ba ɗa ba jika, in na yi tari ni ke yi wa kaina sannu.

Bara waccan na ɗauki nauyin karatun wata yarinya, Hindatu, 'yar wata mata daga Farfaru da ke kawo mini itace. Mijinta ya rasu, gona ta gagare ta. Na ɗinka wa yarinyar kayan makaranta, na saya mata littattafai da takalmi, tana zuwa firamaren ƙauyensu. Da a nan na tsaya, Inna, da ban rubuto miki ba.

Sai na ce a ba ni ita riƙo, wai makarantar gari ta fi. Uwar ko kai ba ta ɗago ba, ta ce, "Ɗiya ai taki ta." Ranar tafiya ko ƙofar gida ba ta rako mu ba. Na ce a raina ashe ma ba ta damu ba.

Ƙarya na yi wa kaina. Hindatu 'yar fari ce, kuma wa ya kai ni sanin kunyar ɗan fari? Ni ce taki ta fari. Har kika koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinki ba, sai "ke wagga", amma tsokar da ke cikin miyarki a kwanona take ƙarewa. Na sani sarai. Kaɗaici ne ya sa na yi kamar ban sani ba.

Wata biyar gidana ya yi rai. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo, har cewa ta yi wai ban iya kitso ba, ni da na yi wa amare.

Uwar kuwa ta bar itace ta koma tallan zogale. Duk ranar kasuwa sai ta zauna gindin darbejiyar tsallaken titi, daidai rumfata. Wa ke sayen zogale a layin manyan motoci? Ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi ciniki, har akuyata sai ta tambaya, ban da yarinyar.

Ran nan Hindatu ta yi tuntuɓe kusa da murhu, ruwan zafi ya taɓa ƙafarta, ta ƙwalla ƙara. Kafin in ajiye muciya matar nan ta kai tsakiyar titi, zogale ya watse, tirela na danna mata oda. Sai ta ga idon jama'a a kanta. Ta tsaya cak, ta sunkuya tana tsintar ganye ɗaya bayan ɗaya, kamar abin da ya taso ta ke nan.

Kin sha gaya mini son zuciya ɓacin zuciya. Sai ranar ya shige ni.

Jiya na mayar da ita Farfaru. Mun tarar uwar na daka. Ba ta kalli yarinyar ba, ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambaya ko laifi aka yi mini. Na ce babu, karatunta na wuyana har inda Allah ya nufa, kwana ne dai sai ɗakin uwarta. Ta koma turmi ta ba mu baya, ta daɗe tana dakan geron da tuni ya zama gari.

Da zan tafi Hindatu ba ta yi kuka ba, Inna. Ta ɗaga mini hannu ta ruga wurin ƙawayenta. Na yi farin ciki da hakan, kuma ya yi mini ciwo har cikin ƙashi.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya haɗa mu a Aljanna. Hindatu kuma Allah ya raya ta, ya ba ta ilimi mai amfani, ya bar ta da uwarta. Ni ya ba ni haƙurin son abin da ba nawa ba.

Taki har kullum,
Saude