Azurfar Baba

Sendai, 3 ga Yuni, 1984

Ƙanena Tsuneo,

Bayan gaisuwa, da fatan ruwan bana ya same ku lafiya, kai da Michiko da yara.

Ga kaset nan, tare da takardun da na rubuta umarnin a kansu layi-layi. Darar shogi ce na tsara a kwamfutata, Shirane. Tun da kamfani ya sallame ni ya ɗebi yaran da ko lissafi ba su iya ba, aikin da nake yi ke nan. Na koya mata hannun Baba a wasan, daga buɗewa har rufewa. Ranar addu'ar cikarsa shekara shida da rasuwa, in malamin haikali ya tashi, ina so a kunna ta a gaban Inna a Tendo, in zauna in kara da shi kamar da. Ka san duk gidanmu ni kaɗai na taɓa cin Baba.

Shirane ba ta aiki sai da nata allon, bayana kuwa ba zai ɗauke shi a jirgin ƙasa ba. Abin wasan yaran nan da kake sayarwa a kantinka, Akagi, aƙalla ana jona shi da talabijin. Ka juya umarnin zuwa yaren Akagi. Kada ka taɓa komai.

Yayanka,
Shigeharu

Osaka, 19 ga Yuni

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, sai zafi.

Na saka wa Akagi kaset ɗinka, ta yi ta ihu kamar magen da aka taka wa wutsiya, har Michiko ta leƙo ta ce wa ake yankawa. Ba sa jin yaren juna, dole na zauna na buga layukan da yatsa.

Abin wasan yara, ko? Ka zo ka ga sarkin darar da ruwan zinare, kowane ɗa in ya sauka sai ka ji ƙas, kamar a kan katako. Taka fa? Koren rubutu kamar ganyen da ya kwana, kuma sai mutum ya sha shayi ya wanke kofi kafin ta motsa ɗa guda. Yaran unguwa layi suke yi a ƙofata don wasan harbin jirage. Wa ya taɓa yin layi don Shirane?

Af, na ga kuskure ɗaya. Da an matsa wa sarki, sai azurfa, 'yar darar da ke tsaronsa, ta bar gefensa ta tafi yawo. Na gyara. Yanzu ba mai iya cin sa. Ba sai ka gode ba.

Ka huta lafiya,
Tsuneo

Sendai, 24 ga Yuni

Tsuneo,

Na gaishe ka don haka aka rene mu.

Na ce kada ka taɓa komai, da wane yare kake so in faɗa? Ni da na yi jami'a ina zana injuna lokacin da kake ɗaure wa mutane wayar fanka, ni za ka gyara wa lissafi? Da gangan na sa azurfar nan. Baba ke nan! In wuta ta yi wuta sai ya shafa ƙeya, ya ce "to, to," ya janye azurfa, ta nan nake shiga in gama da shi. Ka cire shi ka sa wani baƙo mai ruwan zinare, ka ce in gode.

Halinku ɗaya da Akagi da masu kamfaninmu: launi da ƙara, ciki fanko. Ka mayar da layin yadda yake. In ba haka ba, ka kunna wa Inna harbin jiragenka, ni ba za ku gan ni a Tendo ba.

Shigeharu

Osaka, 2 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Yau ba wasa a bakina.

Na ɗauka kuskure ne saboda ban san wannan Baban ba. Tun ina firamare nake zama gabansa har shekarar da ya kwanta, azurfarsa ba ta taɓa barin gefen sarki ba. Ko sau ɗaya. Yakan murƙushe ni, ya ce in tattara 'ya'yan in share tabarma.

Na buga wa Inna waya. Ta yi dariya, ta ce, "Ai Shigeharu in aka ci shi sai ya kife allo ya ƙi cin abinci, ga jarrabawa a gabansa. Babanku ya ce ɗan boko ba ya karatu da yunwa." Ni da kanti za a kai ni, ba wanda ya damu ko na ci ko ban ci ba.

Kai aka janye wa azurfa, kai aka tura jami'a, kuma kai ne mai fushi! Layin yana nan, ban yar ba. Faɗi wanne Baba zan kawo, naka ko nawa.

Ƙanenka,
Tsuneo

Sendai, 20 ga Yuli

Tsuneo,

Gaisuwa gare ka da Michiko.

Kawo naka. Ban taɓa karawa da shi ba.

Ka kashe ƙarar nan ta banza kafin in zauna. Ka kuma gaya wa Inna ta dafa abincin da ni, ko yaya aka tashi zan ci.

Yayanka,
Shigeharu