Keke mai caji na saya wa Baba, na kasa kai masa

Salama alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a sakaya sunana, akwai 'yan garinmu a nan. Don Allah ku ba ni shawara, maganar keke mai caji ce, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin wani ya fara gaya mini wane iri ne ya fi ƙarko, na wuce wurin.

Ni malamin makaranta ne a Funtua, ƙauyenmu yana gefen Kafur. Babanmu manomi ne, dattijo a ikilisiyarmu, yanzu ya haura tamanin. A ƙarshen shekarun 1970, shekarar da auduga ta yi masa kyau, ya sayi baƙin keke irin mai birkin ƙarfen nan, kuma har yau shi yake hawa. Mamanmu daddawa take yi. Ranar kasuwar Kafur takan bi sauran mata a ƙafa da safe da ƙwaryarta, amma ban taɓa ganin ta dawo a ƙafa ba. Da la'asar Baba zai baro gona, ya wanke ƙafa, ya ninke wani tsohon bargo ya ɗaure a kariya, wato mazaunin bayan keken, ya tafi ɗauko ta. A zamanin nan namiji ya goyo matarsa a keke ta tsakiyar gari abin magana ne, abokansa har da Alhaji maƙwabcinmu ba irin tsiyar da ba su yi masa ba, mijin-ta-ce suke kiransa, shi ko a jikinsa. Mu kuwa muna jin ƙararrawa daga bakin rafi sai mu kwasa a guje, don mun san akwai rake ko ƙosai a ƙwarya. Haka muka tashi duk shekarun 1980.

Mama ta rasu bara waccan. Da na je Kirsimeti, bayan sujada, Baba ya riƙe hannuna gaban Fasto da dattawa ya ce gwiwoyinsa sun gama aiki, ya ga wani ma'aikacin asibiti da keken da ke tafiya ba a taka shi, in saya masa irinsa. Nan take na ce an gama Baba. Har daɗi na ji, don tun rasuwar Mama bai taɓa cewa ga abin da yake so ba, ko abinci sai an yi ta lallashi.

Ba shagon da ban leƙa ba a Funtua. Wani kamar ƙaramin babur, na ce ya yi masa nauyi. Wani batirinsa ba ya cirewa, mu kuma wutarmu sai an ga dama, dole sai wanda za a zare batirin a kai gidan Alhaji a sa a sola. A ƙarshe na samu mai feda, gajere, wanda ba sai ya ɗaga ƙafa sama ba kafin ya hau. Na saya, na kira ƙanwata da ke zaune da shi ina murna, sai ta rufe ni da faɗa, wai so nake in kashe mata uba. Ta ce ni Baba na safe na sani, ban san Baba na la'asar ba. Ashe tun kaka, duk ranar kasuwa in rana ta karkata, sai ya wanke ƙafa ya ɗaure bargo ya ce zai je ɗauko Mama. Abin da ke cetonmu gwiwar nan ce, ba ya wuce hawan da ke bayan rafi, nan zai sauka ya zauna yana haki har Alhaji ya je ya taho da shi. Na ce don me ta ɓoye mini, ta ce ni da nake zuwa kamar baƙo me zan yi in na ji. Mun gaya wa juna maganganu marasa daɗi, kuma ita ke da gaskiya.

Ranar kasuwa na je na gani da idona. Da safe ras yake, ya tambayi yarana ɗaya bayan ɗaya da sunansu, har ya yi mini faɗan taki. La'asar na yi ya miƙe. Na tare shi na ce Baba ai Mama ta rasu, ƙanwata tana yi mini alama in yi shiru ban gane ba. Jama'a, kallon da ya yi mini ba zan manta ba. Ya tambaye ni yaushe, me ya same ta, don me ba wanda ya gaya masa, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yau aka yi. Ƙanwata ta ce shi ya sa suka daina faɗa masa, gara ya dawo yana zagin gwiwarsa.

To ga inda nake. In na ba shi keken zai haye tudun nan, ya hau babban titi cikin tireloli da motocin hatsi, in ma Allah ya tsare ya isa, layin masu daddawa zai bi yana nemanta har wata ta gaya masa gaskiya a tsakiyar kasuwa. In na hana shi, na yi wa ubana ƙarya gaban dattawa, kuma wannan alkawarin ne kaɗai bai manta ba, safe da yamma sai ya tambaya. Alhaji ya ce in kai masa ba batir, in ce ana jiran caji. Na yi tunani, amma yaya zan tsaya ina kallon tsoho yana murɗa abin da na san ba zai tashi ba? Mun je asibiti a Malumfashi, likita ya ce tsufa ne, a dai riƙa lura da shi. Ni dai ban ga mafita ba, keken yana falona ko ledarsa ban cire ba, ba na son ko kallonsa.

Don Allah waɗanda suka yi jinyar iyaye, ku gaya mini, in kai masa, in mayar, ko in yi abin da Alhaji ya ce? Jiya ƙanwata ta ba shi waya, muryarsa fes, ya ce kada in yi gaggawa, in dai duba mai faɗin kariya, wai ai na san Mamanmu ba ta son matsi. Na ce to Baba. Jibi kasuwa.