Sunayen da Rannu Ta Ara

Makassar, 4 ga Janairu

Zuwa ga ɗana Sangkala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, kuma aiki a Balikpapan yana tafiya yadda ake so. Ni lafiyata lau, sai ciwon gwiwar nan da ka sani.

Ranar Talata na shiga kantin littattafai na tarar da sabon littafi a kan matan da ke aikin gishiri a gaɓar Jeneponto. Sunan da ke bangonsa na Dakta Sanusi Tompo ne, malamin da ya duba aikin digirin ƙanwarka Rannu. Na saya, na karanta shi cikin kwana biyu da fensir a hannu, kamar yadda na saba a shekara talatin da huɗu da na yi ina koyar da tarihi.

Aikin Rannu ne, ɗana, tun daga farko har ƙarshe. Wata goma sha huɗun da ta yi a gonakin gishiri ne, har zazzaɓin da ya raba mu da ita. Ka tuna ranar sadakar arba'in ɗinta mutumin nan ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce asara ce a bar irin wannan aiki a kwali. Ni da kaina na ɗauko masa rubutun da littattafanta na bincike guda tara, na raka shi har mota. Sunanta ya fito sau ɗaya, a shafin godiya, a matsayin ɗalibar da ta taimaka wajen tattara wasu bayanai.

Sai dai akwai abin da bai sani ba. A ƙa'idar wannan fanni ba a rubuta ainihin sunan waɗanda aka yi hira da su, balle waɗannan mata da suka faɗi abubuwa game da dillalan da ke sayen gishirinsu. Rannu ta ara musu sunaye. Wata rana muna cin abinci ta ce mini, tana dariya: "Tetta, babana, na kwashe matan gidanmu kaf na kai su aikin gishiri." Rannu ta sa wa shugabar matan sunan gwaggonku, Hasnah Daeng Bollo. Mahaifiyarku tana shafi na tamanin da takwas, kakarku tana babi na biyar. Su bakwai ne. Takardar da ke nuna wace ce wace kuwa a wurina ta bar ta, ba ta taɓa fita daga aljihun teburina ba.

Shi kuma ya rubuta a gabatarwa cewa sunayen na gaskiya ne, da izinin masu su, kuma Daeng Bollo ta ɗauke shi tamkar ɗa, wata bakwai yana ci daga tukunyarta. Na ja layi a ƙarƙashin wannan jimla da abin jan layi, domin ya miƙe.

Ka gaida matarka da yara.

Mahaifinka,
Burhanuddin Daeng Sitaba


Makassar, 27 ga Janairu

Ɗana Sangkala,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta iso, na ji daɗin jin cewa tarin ƙaramar 'yarka ya sauka. Allah ya ƙara sauƙi.

Ka ce in bar wa Allah. Na bar masa ranta tun ranar da ya karɓa, ban yi gardama ba. Sunanta kuwa ni na raɗa mata, ni ne kuma na miƙa shi ga ɓarawo da hannuna. Wannan ba zan bari ba.

Ka kuma ce in kai ƙara a rubuce. Na zauna a irin waɗannan kwamitoci, na san yadda takarda ke tsufa a cikinsu. Ranar ashirin ga Fabrairu za a yi taron ƙaddamar da littafin, mako biyu kafin a zauna kan ba shi kujerar farfesa, kuma wannan littafi ne ginshiƙin takardunsa. Ya aiko mini da katin gayyata, kujerar gaba, a matsayin mahaifin marigayiya. Na amsa masa da godiya.

Jiya na je wurin gwaggonku. Na karanta mata gabatarwar tana soya wainar shinkafar da take kaiwa kasuwa. Ta ajiye cokali ta ce: "Wata bakwai daga tukunyata? Ai kai ma da muke ciki ɗaya ban ciyar da kai wata bakwai ba, ƙanena." Da na karanta mata layin godiyar, sai ta manta da wainar har ta ƙone. Daga baya ta tambaye ni wane zane ya kamata ta ɗaura ranar taron.

Kada ka damu da hawan jinina. Ina shan magani a kan lokaci. Ina so in kasance da lafiya a ranar.

Mahaifinka,
Burhanuddin Daeng Sitaba


Makassar, 21 ga Fabrairu

Ɗana Sangkala,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ga yadda abin ya kasance.

Zauren ya cika, shugaban tsangaya yana kan dandamali. Malamai biyu suka yabi littafin na tsawon awa guda. Ɗayansu ya ce ba a taɓa samun namijin da mata suka saki jiki da shi haka ba. Da aka zo tambayoyi sai na miƙe. Na yaba takardar da ɗinkin, domin sun cancanta. Sa'an nan na tambayi marubucin ko Daeng Bollo tana raye. Ya yi murmushi ya ce tana nan, sun yi magana ta waya a watan jiya, har ta aiko wa taro da gaisuwa. Na ce alhamdu lillahi, amma gaisuwar ba ta ishe ta ba, ta zo da ƙafarta.

Gwaggonku ta miƙe da katin shaidarta a hannu. "Ɗana, ba ka gane ni ba?" in ji ta. "Wata bakwai kana cin shinkafata. Ni dai gishiri a leda nake sayensa, ban taɓa taka Jeneponto ba."

Wasu ɗalibai suka yi dariya, sa'an nan suka daina. Dakta ya ce sunaye sukan zo ɗaya. Na ce haka ne, guda ɗaya yakan zo. Na fito da tsohuwar takardar iyalinmu na karanta bakwai ɗin, cikakkun sunaye, kowanne da shafinsa. Na gaya wa taro cewa Saripa Daeng Kebo, wadda littafin ya ce marubucin ya taya ta ɗaukar kwandon gishiri, matata ce, kuma ta yi shekara takwas a kabari kafin a fara wannan bincike.

Daga nan na ajiye takardar Rannu mai ainihin sunayen matan a rufaffen ambulan a gaban shugaban tsangaya. Na ce ba za a buɗe ta a bainar jama'a ba, domin alkawari ne ta ɗauka wa matan. Amma idan Dakta ya faɗi ainihin sunan mace ɗaya daga cikinsu, ko a kunnen shugaba ne, zan nemi gafararsa a tsaye. Na duba agogona na ba shi minti biyu. Suka cika bai kawo suna ko ɗaya ba.

Da na koma gida na wanke kofunan da suke a wanke.

Mahaifinka,
Burhanuddin Daeng Sitaba


Makassar, 6 ga Maris

Ɗana Sangkala,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da shirye-shiryen azumi. Allah ya nuna mana da rai da lafiya.

An dakatar da batun kujerar Dakta Sanusi, maɗaba'a kuma ta janye littafin daga kantuna. Shekaranjiya ya zo gidan nan, tunda lokacin neman gafara ne kafin watan ya kama. Ya rame. Na ba shi kofi da ayaba gasassa, domin baƙo baƙo ne. Ya ce matsin neman ƙarin girma ne ya ja shi, ya kuma kawo shawarar a sake bugawa da sunaye biyu, nata a gaba. Ya yi kuka, na jira ya gama. Na ce masa gafarar da yake nema ba a hannuna take ba, mai ita tana kwance kusa da mahaifiyarta, na kuma kwatanta masa hanya. Na karɓi littattafan nan tara, na ƙirga su a gabansa.

Bayan Salla zan tafi Jeneponto da takardar, ni da gwaggonku, wadda ta ce sai ta ga matar da ke yawo da sunanta. Idan matan sun amince, littafin zai fito da sunan Rannu ita kaɗai.

Shi ma ban hana shi wuri ba. Na riga na rubuta bayanin ƙasan shafi na ɗaya: "An taɓa buga wannan aiki da sunan Sanusi Tompo, malamin marubuciyar, bayan rasuwarta, ba da izini ba." Ka san irin waɗannan littattafai ba sa sayuwa, kwafi ɗari biyar ne kawai. Amma ɗakunan karatu ba sa zubar da su. Bayan shekara ɗari, duk ɗalibin da ya buɗe shi da wannan layi zai fara.

Ka yi wa ƙanwarka addu'a a sujadarka.

Mahaifinka,
Burhanuddin Daeng Sitaba