Allon Zamiya Ba Bargo Ba Ne

Mme Malerato, don Allah ki agaza mini kafin Asabar, kaina ya ɗaure.

'Yata Reitumetse shekararta sha bakwai. Ta daɗe tana zamiya a kan dusar ƙanƙara can saman tsauni, amma da allon aro. Yau ta samu, gobe mai shi ya karɓe abinsa. Yanzu an sa sunanta a gasar 'yan mata ta ƙarshen Agusta, lokacin hunturunmu, an ce kowa ya zo da nasa. Sabo kuwa, ko kuɗin gashin awakinmu na bana gaba ɗaya ba zai saya ba.

Yayana Motlatsi, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya samo wani da arha a hannun wani baƙo da zai koma Johannesburg. A kan doki ya kawo shi, bakinsa har kunne. Da aka tsayar da allon, sai ga shi ya wuce kan yarinyar. Yaya ya ce ai haka ake so, za ta girma ta cike shi, kamar yadda muke saya wa yara bargo da takalmin makaranta. To, wane girma kuma? Gajartar ubanta ta ɗauko, tun bara ta tsaya.

Sau ɗaya ta gwada shi, ta dawo da gwiwa a kumbure. Duk da haka ta durƙusa ta yi wa kawunta godiya, amma tun ranar abinci ma tsakura take yi. Ni ban taɓa hawa abin nan ba, kallonsa kaɗai jiri yake sa ni. Ranar Asabar zan biya. Kin san a wajenmu ba a mayar wa kawu da hannu baya. In na ƙi, na kunyata Yaya. In na karɓa, ina tsoron yarinya ta karye ko ta fasa gasar. Raina a jagule yake.

Uwar Gajeriya, Butha-Buthe

'Yar'uwa, kada ki biya.

Yayanki bai yi laifi ba, dabarar da ya rene ki da ita ya ɗauko. Sai dai bargo in ya yi yawa naɗe shi ake yi, allo kuwa in ya fi ƙarfin mai shi ba ya juyuwa. Gwiwar nan gargaɗi ce.

Ku nemi wani. A tsayar da allo a gabanta, ƙarshensa ya faɗa tsakanin haɓa da hanci, a kuma faɗa wa mai sayarwa nauyinta. Masu ba da haya kan karyar da tsofaffinsu, ku fara ta can. Ta je da takalmanta ta gwada. Ku bi ƙarfen gefe da yatsa: ƙarzuwa ba komai ba ce, amma in ya tsage ko ya fara ɓarewa, ku bar musu kayansu.

Kada ki aika wa Yaya da saƙo. Ki je da kanki, ki nuna masa gwiwar, sannan ki roƙe shi ya raka ku, shi zai auna, shi zai yi ciniki. Allon zai zama zaɓin kawu har yanzu, girmansa bai zube ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Na ji ta bakin Yaya, na ji taki, ban ji ta Reitumetse ba. Yarinyar da ta iya durƙusawa a kan kumburarriyar gwiwa don kada ran wani ya ɓaci, ba za ta faɗa ba sai an tambaye ta. Ki tambaye ta yau.

Allah ya sauko mana da ita lafiya, ya ba ta sa'a.

Mme Malerato